Martani: A Daina Ɗiga Wa Kunnen Mai Mura Man Tafarnuwa

Rubutun da ya fito a wannan fili makon jiya kan toshewar kunne lokacin mura ya zo a kan gaɓa, domin hunturu ya kankama, hazo ya sauka, da wuya ka shiga gidan da ba a fyace majina. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyar marubucin ba. Yana so ya rage wa talaka kashe kuɗi da bin layin asibiti a kan abin da yake ganin bai taka kara ya karya ba. Sai dai shawarar da ya bayar, idan aka bi ta yadda ya tsara, za ta jawo wa wasu asarar jin da babu kuɗin da zai dawo da shi. Wannan ne ya sa na ga ya wajaba in mayar da martani, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A ganin marubucin, wanda zan kira Malam, sanyi ne ke shiga kunne ya daskarar da dattin da ke ciki, shi ya sa mai mura ke jin kunnensa ya yi dum. Saboda haka ya ce a daka tafarnuwa a jiƙa a man zaitun, a ɗumama, a riƙa ɗigawa safe da yamma, sannan a bi da tsinken auduga a kwaso abin da ya narke. In bai buɗe ba a toshe hanci a hura da iyakar ƙarfi har kunnen ya yi ƙara. In an kwana uku ba sauƙi a sayi Ampiclox a kemis. Zuwa asibiti kuwa, a cewarsa, ɓata lokaci ne.

Malam, duk ginin nan a kan tubali ɗaya ya hau, wato cewa toshewar tana cikin ramin kunne, inda yatsa da auduga ke kaiwa. To ba nan take ba. Ramin kunnen babban mutum kimanin santimita 2 da rabi ne, kuma a ƙarshensa akwai dodon kunne, wata siririyar fata da kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ta rufe hanyar ruf. Bayan wannan fata akwai wani ɗan sarari mai cike da iska, wanda likitoci ke kira kunnen tsakiya, a cikinsa ƙananan ƙasusuwa uku ke miƙa sauti zuwa can ciki. Ka ɗauka ɗaki ne da ba shi da ƙofa ta bakin titi, ƙofarsa ɗaya tak ta bayan gida take. Wannan ƙofa wani siririn bututu ne mai tsawon kimanin santimita 3 da rabi, wanda ya taso daga kunnen tsakiya ya ɓulla a bayan hanci, saman maƙogwaro. Wani masanin sassan jiki ɗan Italiya, Bartolomeo Eustachi, ya yi bayaninsa tun a ƙarni na 16, har yau ma da sunansa ake kiran bututun a littattafan likitanci. A rufe yake zama, sai mutum ya haɗiyi yawu ko ya yi hamma sannan ya buɗe na ɗan lokaci, iska ta shiga, nauyin iskar ciki da ta waje ya daidaita. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga Jos ta Hawan Kibo ya san aikin wannan bututu ko da bai san sunansa ba: kunne ya toshe a gangaren, ka haɗiyi yawu, ka ji ya buɗe. Ba datti ya shiga ba, ba datti ya fita ba.

Abin da mura ke yi shi ne ta kumbura naman cikin hanci, kumburin ya haɗa da bakin bututun, majina ta ƙara liƙe shi. Iskar da ta maƙale a kunnen tsakiya jiki na tsotse ta sannu a hankali, babu sabuwa da ke shiga, sai dodon kunne ya lotsa ciki ya yi tauri, ya kasa kaɗawa yadda ya saba. Wannan ne dum ɗin da ake ji, da jin muryarka tana amsa kuwwa a cikin kanka. Idan abin ya daɗe ruwa kan taru a wurin. Yanzu mai karatu ya auna da kansa: man da aka ɗiga ta waje ina zai je? Zai gangara ya tsaya jikin dodon kunne, ya kwanta a can. Ba zai taɓa isa bututun ba, domin bututun yana ɗaya ɓangaren. Iyakar abin da mai mura zai samu shi ne ɗumin man na ƴan mintuna, sannan jinsa ya ƙara raguwa saboda yanzu akwai mai kwance a kan fatar da dama ta kasa motsi.

Ina da tabbacin Malam zai ce ai ya gwada ya ga aiki, kuma mutane da yawa za su ba shi shaida. Na yarda sun ɗiga, na yarda sun warke. Amma mura kwana 7 zuwa 10 take yi ta wuce, kunne kuma kan buɗe da kansa idan kumburin hanci ya saɓe, wani cikin kwanaki, wani sai bayan mako biyu ko uku. Wanda ya ɗiga mai da wanda bai ɗiga komai ba duk za su wayi gari kunne ya buɗe. Na farkon zai gode wa tafarnuwa, na biyun ba wanda zai tambaye shi. Ta haka magungunan da ba sa komai suke yin suna a kan cututtukan da ke warkewa da kansu.

Da a ce man nan ba ya amfani kuma ba ya cutarwa, da ban ɗauki alƙalami ba. Matsalar ita ce babu mai iya ganin dodon kunnensa, kuma a ƙasarmu mutanen da nasu ke da huji ba kaɗan ba ne. Yaro ya yi ciwon kunne yana ƙarami, kunne ya yi ta zubar da ruwa, daga baya ya ƙafe, kowa ya manta, alhali hujin bai rufe ba. Wani mari ne ya huda masa, wani tsinken ashana. Irin wannan mutum idan ya bi shawarar Malam, man da ɓarɓashin tafarnuwar kai tsaye za su wuce kunnen tsakiya, wurin da ba a halicce shi don ya karɓi komai daga waje ba. Ɗanyar tafarnuwa kuwa tana ƙona fata, likitoci sun sha ganin waɗanda suka ɗaura ta a jiki ta saɓule musu wuri. Abin da ke yi wa fatar hannu haka, me zai yi wa fatar da ta fi takarda siranta? Ga kuma zancen ɗumamawa. Uwa tana gwada ɗumin mai da yatsanta wanda ya saba da tukunya, abin da ta ji daidai ne a kunnen jariri wuta ne. Man da ya kwana a ramin kunne kuma, ga laima ga ɗumi, shi ne ke kiran funfuna, mutum ya koma fama da ƙaiƙayi da baƙin datti wata da watanni. Wannan hukunci ya hau kan man habbatussauda da ruwan albasa da turare da ruwan nono, duk abubuwan da ake ɗura wa yara a kunne da sunan magani. Albarkar da ke cikin zaitun da habbatussauda ba a musunta ba, amma kowane magani da ƙofar da yake shiga.

Har magungunan ɗigawa na kemis ba su tsira ba. Da yawa daga cikinsu na ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin, waɗanda idan suka ratsa ta hujin dodon kunne suka kai kunnen ciki suna iya lalata ƙwayoyin da ke ɗaukar sauti, kuma waɗannan ƙwayoyi idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Shi ya sa likitan kunne ba ya rubuta maganin ɗigawa sai ya haska ya ga dodon da idonsa.

Inda Malam ke da gaskiya zan ba shi. Man zaitun tsantsa, ba tafarnuwa, ba ɗumamawa a wuta, yana tausasa dattin kunnen da ya bushe ya cushe, likitoci ma suna ba da shi kafin su wanke kunne. Amma wannan wata matsala ce daban da ba ta da alaƙa da mura, kuma sharaɗinta shi ne a tabbatar dodon kunne lafiyarsa ƙalau. Shi kansa dattin ba ƙazanta ba ne kamar yadda aka ɗauka. Jiki ne ke yin sa don ya tare ƙura da ƙwari da ƙwayoyin cuta, kuma fatar ramin kunne na turo shi waje da kanta, tauna da magana na taimaka mata. A lokacin hunturu ma aka fi buƙatarsa. Tsinken auduga kaɗan yake kwasowa, mafi yawa turawa ciki yake yi ya danƙare jikin dodo. Mai mura da ya yi ta sakace kunne yana neman buɗewa sai ya tashi da toshewa biyu, ta ciki da ta waje, in ma bai yi rashin sa'a wani ya bangaje shi tsinken ya shige ba. Gashin kaza da murfin biro da makullin babur sun fi muni. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Batun toshe hanci a hura shi ne inda Malam ya kusa kamo gaskiya sannan ya sake ta. Dabarar tsohuwa ce, tana cikin littafin da Antonio Maria Valsalva, shi ma ɗan Italiya, ya wallafa kan kunne a 1704, kuma tana aiki saboda ta hanci take bi, ta ainihin ƙofar. Abin da ya ɓata shawarar shi ne cewa a yi da iyakar ƙarfi. Ƙarfin da ya wuce kima na iya fasa dodon kunne, na iya taɓa kunnen ciki mutum ya ji jiri da ƙara, kuma idan hanci cike yake da majina ana iya tura ta da ƙwayoyin cutar da ke cikinta zuwa kunnen tsakiya. Yadda ake yi shi ne a fara share hanci, a rufe baki, a matse hanci da yatsu, a hura a hankali na daƙiƙa biyu ko uku. In ya buɗe madalla, in bai buɗe ba a bari sai an jima, in an ji zafi a daina. Akwai ma wadda ta fi ta sauƙi, wadda ake danganta wa Joseph Toynbee, likitan kunne na Landan a ƙarni na 19: a matse hanci a haɗiyi yawu ko a kurɓi ruwa. Hamma da taunar cingam da tsotsar alewa duk aikinsu ɗaya, suna motsa naman da ke jan bakin bututun ya buɗe. Masu bincike a Ingila sun wallafa wani gwaji a 2015 da suka yi da yara 320 ƴan shekara 4 zuwa 11 masu ruwa a bayan dodon kunne, inda aka koya wa rabinsu hura wani balan-balan na musamman da hanci sau uku a rana, aka ga kunnuwansu sun fi na sauran saurin washewa. Darasin da ke ciki shi ne yawan maimaitawa cikin sauƙi ke buɗe bututun. Fyace majina ma haka take, hanci ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba a matse duka biyu a fizga ba.

Tunda ƙofar a hanci take, hanci za a yi wa hidima. Abu mafi arha kuma mafi aminci shi ne ruwan gishiri. A tafasa ruwa rabin lita, wato kimanin ledar fiya wata ɗaya, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya wanda ba a tula ba, a bari ya huce har ya zama ɗumin jiki. A zuba a tafin hannu mai tsabta a shaƙa a fyace, sau biyu ko uku a rana. Wanda ya saba shaƙa ruwa a alwala ba sai an koya masa ba. Jariri kuwa ɗigo biyu ake sa masa a kowane hanci kafin a ba shi nono, akwai ma na kwalba a kantin magani. Tafasawar nan kada a raina ta, musamman ga masu amfani da sirinji ko buta suna tura ruwan can ciki: a 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo mai ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke hawa ƙwaƙwalwa. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma tafasa ruwa ba ya cin komai. A haɗa da shan ruwa da ruwan ɗumi, a ɗaga matashi da dare, a rufe hanci da takunkumi ko rawani idan za a shiga ƙura, a nisanci hayaƙin sigari da na itace da na maganin sauro. Idan kunnen na ɗan ciwo a sha farasitamol, a ɗora tsumma mai ɗumi a bayan kunnen daga waje.

Sirace, wanda iyayenmu suka saba da shi, yana sa mutum ya ji hancinsa ya saki na ɗan lokaci, ban hana babba ya yi ba. Amma ba ya gajarta mura, kuma yaran da tafasasshen ruwa ya kife wa a cinya ana cikin lulluɓe su da bargo sun isa hujjar kada a yi wa ƙaramin yaro. Man zafi irin su Robb a ƙirji ake shafawa, ba a cusa shi a hanci ko a kunne, ba a kuma shafa wa jarirai.

Akwai maganin fesawa a hanci irin su Otrivin, masu tsuke jijiyoyin jini su saɓe kumburi cikin mintuna. Suna taimaka wa babba na ɗan lokaci, musamman mai shirin hawa jirgi. Sharaɗinsu kada a wuce kwana uku zuwa biyar, domin bayan haka hanci na sabawa, da maganin ya sake shi sai ya toshe fiye da da, mutum ya zama ba ya iya barci sai da kwalbar a ƙarƙashin matashi. Ƙwayoyin mura na sha masu sinadarin sudo'efedirin kuma suna ɗaga hawan jini, suna sa bugun zuciya, ga masu hawan jini birjik a cikinmu waɗanda ba su ma san suna da shi ba. Mai juna biyu ta tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Yara ƙanana kuwa hukumomin magunguna na Amurka da Ingila sun daɗe da gargaɗin kada a ba su irin waɗannan haɗe-haɗen maganin mura, kuma bincike bai nuna suna janye ruwan da ya taru a kunnen yaro ba. Maniyyata Hajji da Umara su lura da wannan sosai: lokacin saukar jirgi ne bututun ya fi shan wahala, don haka mai mura kada ya yi barci a lokacin, ya yi ta haɗiya da taunar cingam, mai goyo kuma ta ba jaririnta nono.

Sai Ampiclox, wanda antibayotik ne. Mura ƙwayoyin bairos ke kawo ta, ire-irensu sun haura 200, kuma antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Toshewar kunnen mai mura kumburi ne da rashin iska, babu abin da kafso zai kashe a wurin. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ma ba hujja ba ce, haka take yi a tsakiyar kowace mura. Babba kan yi mura sau biyu ko uku a shekara, yaro sau shida zuwa takwas. Idan kowace mura za a bi ta da kafso, a lissafa yawan wanda yaro zai sha kafin ya shiga firamare. Abin da hakan ke haifarwa shi ne ƙwayoyin cutar da suka gagari magani. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da antibayotik ya daina ci, kuma yankin da abin ya fi tsanani a duniya shi ne namu, Afirka ta Yamma. Akwai ciwon kunnen da ke buƙatar antibayotik, ba a musu, musamman a yara ƙanana masu zazzaɓi ko masu zubar da mugunya. Amma wanda ya duba kunnen shi zai faɗi wane iri, nawa, kwana nawa. Sayen kafso huɗu a sha kwana biyu a ajiye horar da ƙwayar cuta ne kawai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a rubutun Malam shi ne cewa zuwa asibiti ɓata lokaci ne. Ga mafi yawan masu mura haka ne, ba sa buƙatar likita, kuma da ya tsaya nan ya faɗi su wane ne ke buƙata da mun yi masa godiya. Bai faɗa ba. Akwai wata larura da ke kama jijiyar ji farat ɗaya, yawanci a kunne ɗaya: mutum ya kwanta lafiya ya tashi kunnen ya yi dum, sau da yawa da ƙara a ciki ko jiri. Yadda ake jin ta kusan ɗaya ne da toshewar mura, wani lokaci ma bayan mura take zuwa. Maganinta a cikin mako biyun farko ya fi ci, gwargwadon saurin farawa gwargwadon fatan dawowar ji. Wanda ya zauna yana ɗiga man tafarnuwa mako uku yana jiran datti ya narke, ranar da zai je asibiti lokacin ya riga ya wuce. Akwai ɗan gwajin da mutum zai iya yi a gida: ya rufe baki ya yi gunji a maƙoshinsa. Idan ya fi jin sautin a kunnen da ya toshe, alama ce ta toshewar mura ko datti. Idan sautin ya koma kunnen da ke lafiya, to kada ya kwana bai nemi likita ba. Gwajin ba ya maye gurbin awo, amma ya isa ya tashi mutum daga zaune.

A ƙasarmu akwai ƙarin dalilin kula. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, da rani ya fi yaɗuwa, daidai lokacin da mura ke tashe, farkonsa kuma na kama da kowane zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro da kasala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga cutar kan samu matsalar ji. Sanƙarau da ƙyanda da hangum su ma duk suna kurumtarwa. Saboda haka zazzaɓi mai zafi tare da raguwar ji magana ce ta asibiti a ranar. Haka ciwon kunne mai hana barci, da fitar ruwa ko mugunya ko jini, da kumburi a ƙashin bayan kunne har kunnen ya turo gaba, da karkacewar baki, da sanƙarewar wuya, da hajijiya mai kayar da mutum. Toshewar da ta haura mako uku bayan mura ta wuce ita ma a je a duba. Babban mutum da kunnensa ɗaya ya ƙi buɗewa wata da watanni yana buƙatar a leƙa bayan hancinsa, domin wani lokaci wani tsiro ne ya danne bakin bututun.

Yara su ne suka fi shiga haɗari da irin wannan shawara, ga shi ba su iya faɗin abin da ke damunsu. Bututunsu gajere ne, kuma a kwance yake, bai gangara kamar na babba ba, shi ya sa mura ke saurin komawa ciwon kunne a wurinsu. Jaririn da ke jan kunnensa, yana kuka da dare, ya ƙi kama nono, jikinsa da zafi, a kai shi a duba. Ruwan da ya taru bayan dodon kunne yawanci yakan janye da kansa cikin wata uku, amma idan ya zarce haka yaro na zaune ne yana jin magana sama-sama a shekarun da yake koyon harshe da karatu. Sau nawa aka doki yaro a makarantar allo ko ta boko an ce ba ya jin magana, alhali da gaske ba ya ji? Idan kunne ya fara zubar da mugunya, abin da uwa za ta yi kafin ta isa asibiti shi ne ta murɗa tsumma mai tsabta mai laushi ta tsane bakin ramin, ta hana ruwan wanka shiga, kada ta ɗiga komai, kada ta toshe da auduga. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne a duniya ke fama da raunin ji mai nakasarwa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da za a iya kaucewa yake zuwa. Shayarwa da nonon uwa zalla wata shida, kammala alluran rigakafi, da daina ba jariri bulumboti yana kwance, duk suna rage ciwon kunne, kuma ba a kai ko ɗaya daga cikinsu kasuwa ba.

Na san amsar da za a ba ni: likitocin kunne kaɗan ne, asibiti da nisa, kuɗin mota ma aiki ne. Gaskiya ne, kuma wannan kuka ne da ya kamata mu kai wa hukuma da babbar murya. Amma ƙarancin likita dalili ne na mu ƙara kiyaye kunnen, tunda idan ya lalace mai gyara ba ya kusa. Kuma abin da ake buƙata da farko ba babba ba ne, ƴar fitilar haska kunne ce a hannun ma'aikacin lafiyar da ya san abin da yake kallo, minti biyu ya gaya maka datti ne, ruwa ne, ko huji ne. Wanda aka ga nasa ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, akwai kuma sassan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos.

Malam, rubutunka ya riga ya shiga hannun mutane, an yi ta tura shi daga waya zuwa waya, kuma a cikin masu karantawa akwai uwar da jaririnta ke kuka da kunne a daren nan. Ina roƙonka, don Allah, ka dawo wannan fili da ka yi maganar ka janye shawarar ɗiga man tafarnuwa da sakace kunne da sayen kafso, ka gaya wa mutane alamomin da ke wajabta zuwa asibiti. Su kuma editocinmu, duk rubutun da ya ce a zuba wani abu a ido ko kunne ko bakin jariri, a nuna wa likita kafin a buga.